Na Ce Na Kwashe Komai

'Yan uwa, yau ba da daɗin rai na ɗauki waya zan yi muku rubutu ba. Kwana huɗu cur aka yi a gidanmu ana ambaton Injiniya da baƙar magana, ni kuma ina zaune a tsakiya ina haɗiyar yawu kamar ban san komai ba. To na sani. Ni ce mai laifin, kuma zan faɗa muku yadda aka yi tun daga tushe, ko da za ku tsane ni kafin ku kai ƙarshe.

Ni ce auta a gidanmu, kuma da sunan kowa ke kira na. Mamanmu tela ce, kekenta yana falo gefen taga tun kafin a haife ni. Baba kuwa shagon buga takardu yake da shi, da ya rasu abin da ya faɗo hannuna shi ne kwamfutar shagon. Shekararta goma sha huɗu. Akwatinta fari ne a da, yanzu ya koma ruwan ƙasa, allonta yana da wani koren layi daga gefe, madannin harafin "a" kuma ya goge sai dai yatsa ya san wurinsa. Idan ka kunna ta za ka iya zuwa ka yi wanka ka shafa mai ka dawo tana nan tana miƙa. Muka sa mata suna Kaka.

A kan Kakar nan na koyi rubuta manhajar waya. Abin da ya jawo, wata rana shayi ya kife a kan littafin awon Mama, awon mutum sama da hamsin ya narke, na ga tana share hawaye da gefen mayafi. Na rantse sai na yi mata littafin da shayi ba ya ci. Wata bakwai na yi ina fama. Da na gama, Mama ta nuna wa ƙawarta, ƙawarta ta nuna wa wata, kafin shekara ta zagayo teloli ɗari da tamanin suna ajiye awon mutanensu a cikin manhajata. Muna da zauren hira a waya, a nan nake tura musu sabuwa duk sanda na yi gyara, su ɗora ta a kan tsohuwa, awonsu yana nan yadda yake.

Masu sabuwar kwamfuta suna buɗe wayar ƙarya a kan allo su gwada aikinsu nan take. Sau ɗaya na taɓa gwada wa Kaka haka, ta yi wani irin nishi ta sandare, sai da na zare ta daga wuta. Dole sai da waya ta gaske, a jona da kebul. Kuma ko harafi ɗaya na canza, sai Kaka ta sake haɗa manhajar gaba ɗayanta. Minti arba'in da bakwai. Na auna ya fi sau ɗari, ba ta taɓa rage ko ɗaya ba.

Wayata a lokacin ta tsufa, bakin cajinta ya lalace. Na kai ta gyara kasuwar waya, wurin wani saurayi mai tebur ɗin gilashi a ƙarƙashin matakala. Dogo ne siriri, yana da ɗan tabon ƙuna a babban yatsa. Na yi masa bayanin abin da nake yi da ita, ya ajiye abin da ke hannunsa ya kalle ni sosai.

"Ke kika rubuta? Da kanki?"

"A'a, aljanu na aika."

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce wayar ba za ta ƙara jure wannan aikin ba, amma in ina so zai riƙa kawo tasa in yi gwaji, in dai manyan gida sun yarda. Mama ta yarda, da sharaɗin a falo, tana kan kekenta.

Haka aka fara. Bayan la'asar zai zo da wayarsa a aljihun gaba, ya gaida Mama har ƙasa, in jona, in danna, sai mu zauna jira. Ku gaya mini, me mutum biyu za su yi da minti arba'in da bakwai in ba hira ba? A cikin jiran nan na san mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara tara. A ciki ya san ina tsoron kyankyaso fiye da mutuwa. Wani lokacin yakan leƙo allon ya ce, "Malama, ina ta kai?"

"Ta wuce rabi."

"Kar ki matsa wa tsohuwa. Ni ba sauri nake ba."

Mama ba ta ɗago daga ɗinki ba ta ce, "Ai mun lura, Injiniya."

Ita ta laƙaba masa sunan, ya bi shi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariyar ba, babban wanmu, wanda muke kira Yaya. Tun rasuwar Baba shi ne uba a gidan. Ma'aikacin ofis ne, irin waɗanda ko Lahadi sai rigarsu ta sha guga. Bai taɓa kiran Injiniya da wani suna ba sai "mai sukudireban nan". Yakan ce, "Auta, mutumin da ofishinsa ke ƙarƙashin matakala, kowa ta kansa yake bi ya wuce. Shi kike so in ba wa amanar Baba?" Wata uku Mama da Anti, matar Yaya, suna lallaɓa shi. A ƙarshe da ƙyar ya ce to, ranar Asabar ya zo da kawunsa su zauna a yi magana ta manya. Ranar da na ji haka sai da na rungume Kaka, wallahi, da ƙurarta da komai.

Saura kwana goma sha ɗaya Asabar ɗin matsala ta ɓullo. A gyaran da na tura na ƙarshe na yi wani kuskure: manhajar ta fara cinye rabin inci. Tela ta rubuta sha huɗu da rabi, ta dawo ta tarar da sha huɗu. Wanda bai san ɗinki ba zai ce mene ne rabin inci. Ku tambayi matar da ta sa riga hannu ya ƙi ɗaguwa. Zauren ya kama da wuta. "Auta kin sa na ɓata yadin mutane." "Auta yaushe za a gyara?" "Auta kina gani kin yi shiru."

Gyaran bai ɗauke ni minti biyar ba, layi ɗaya ne. Amma Kaka ta ƙi haɗawa. Zafi ake yi a makon, sai ta kai wajen minti talatin ta ɗauke ɗif. Na buɗe gefen akwatin, na kafa mata fankar Mama, na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Kwana uku ina yi, sau goma sha ɗaya tana mutuwa a hannuna. A rana ta uku Injiniya ya tarar da ni na kifa kai a kan tebur.

"Ba ni ita kwana biyu," ya ce. "In wanke cikinta, in ƙara mata ƙwaƙwalwa, in goge wannan tsohon tsarin in sa mata mara nauyi. Amma ki kwashe kayanki tukuna, don komai zai tafi."

To a nan ne zan gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba. Kowace manhajar waya tana ɗauke da hatimin wanda ya yi ta, wani ɗan ƙaramin fayil ne da kwamfuta ke buga mata. Idan ka turo sabuwa, waya takan duba: hatimin ɗaya ne da na tsohuwar? In ɗaya ne ta karɓa. In ba ɗaya ba ne ta ƙi, sai dai a cire tsohuwar, in kuwa aka cire ta duk abin da ke cikinta ya tafi. Tun makon farko na karanta cewa mutum ya ƙirƙiri hatiminsa na kansa, ya ajiye kwafi a wuri biyu ko uku. Ni ban yi ba. Na bar na wucin gadi wanda Kaka ta yi da kanta ta ɓoye a wata folda da ba ta nunawa. Kullum ina cewa gobe, don kowane sabon mataki a wurina wani minti arba'in da bakwai ne. Goben nan ta shekara.

Safiyar Juma'a na soka filashi na ja foldar aikina ciki. Ana cikin kwafa Anti ta shigo da yadi biyu a kafaɗa, ɗaya ruwan zuma mai ƙananan furanni, ɗaya shuɗi mai duhu, wai in zaɓi wanda zan sa Asabar ɗin da baƙi za su zo. Muka tsaya gaban madubi muna kara su a fuskata, tana cewa ruwan zuman ya fi fito da idona, sai a haɗa da mayafi ruwan madara da ɗankunnenta mai ɗigon dutse. Har Injiniya ya zo ya naɗe Kaka a bargo ya ɗaure ta a bayan babur, hankalina yana kan wuyan riga. Hatimi ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Da azahar saƙonsa ya shigo.

"Malama, na buɗe ta. Ƙurar da na kwaso za ta cika kofi. Zan goge yanzu. Kin kwashe komai?"

"Na kwashe."

"Har da na ɓoye? Akwai foldojin da ba sa nunawa fa. In kina so in kwafe faifan ajiyarta gaba ɗaya tukuna, sai dai Kaka ce, zai ci mana yini guda."

A daidai lokacin saƙo goma sha uku ne a zaure, duk sunana suke kira. Raina a ɓace na rubuta:

"Haba Injiniya, matan nan sun hana ni sakat, babu wani yini guda. Ni na rubuta manhajar nan ko kai? Na ce na kwashe komai."

"Allah ya huci zuciyar Malama. In goge?"

"Goge."

Kalma ɗaya, 'yan uwa. Ko minti ɗaya ban tsaya na yi tunani ba.

Ranar Lahadi da hantsi ya dawo da ita. Yana sanye da farar riga mai gajeren hannu, ya yi aski, sai ƙamshi yake. Ya jona wayoyi, ya danna, Kaka ta buɗe ido kafin in gyara zama. Na zuba aikina, na sa ta haɗa. Minti goma sha ɗaya! Na yi tsalle har ɗankwalina ya zame.

Ya ɓata fuska da gangan. "Na cuci kaina. Yanzu da wane dalili zan riƙa daɗewa a gidan nan?"

"Bayan Asabar ba ka buƙatar dalili," in ji Mama, ta ci gaba da taka kekenta.

Ko gwadawa a wayarsa ban tsaya yi ba, don zumuɗi. Na tura zaure na rubuta, "Ga gyara, ku ɗora a kan tsohuwa kamar kullum." Na je kicin na haɗo masa lemo mai sanyi. Kafin in dawo wayata tana ta ɓari a kan tebur.

"Ta ƙi shiga."

"Ni ma ta ƙi."

"Auta wai me ke faruwa ne, cewa take ba a saka ba."

Na karanta sau biyu. A na uku na zauna a ƙasa da tiren a hannuna. Injiniya ya durƙusa gabana yana tambaya, na ce masa a hankali, "Hatimin. Ban kwashe shi ba."

Ya rufe ido na ɗan lokaci. "Na goge, kuma na rubuta sabo a kai. Ba ya dawowa, Malama." Sai ya karɓi tiren ya ajiye gefe. "Tashi. Rubuta musu yanzu kar kowa ya cire tsohuwar. Za su kwafe awon a takarda, sannan su sa sabuwa. Wahala ce, amma zan zagaya shagunan tare da ke. Ba mutuwa aka yi ba."

Bai ce ai na tambaye ki ba. Ku riƙe wannan.

Na rubuta gargaɗin, amma na makara da minti shida. Maman Tagwaye, wata tela da ke layi biyu bayan namu, mace mai zafin nama da zafin baki, ta riga ta yi dabararta: ta cire tsohuwar ta sa sabuwa. Sabuwar ta buɗe mata fes, babu suna ko ɗaya. Awon mutum ɗari uku da wani abu, kuma tun da ta sami manhajar ta daina rubutawa a littafi.

Ba ta yi sallama ba. Ta faɗo falon da tef ɗin awo a wuya, mayafinta a hannu, takalminta ma wari da wari.

"Ina Autar? Ke! Ina mutanena? Ɗinki ashirin da biyu ne a gabana wannan makon, da me zan yanka? Da ido?"

Hayaniyar ta fito da Yaya daga ɗakinsa, jarida a hannu, Anti a bayansa. Ya sa aka zaunar da Maman Tagwaye, aka ba ta ruwa. Ya tsaya a tsakiyar falo ya ce a yi masa bayani da Hausa, ba da yaren kwamfuta ba. Na yi masa. Akwai wani fayil, yana cikin Kaka, an goge Kaka, fayil ɗin ya tafi.

"Wa ya goge?"

"Ni ne, Yaya," in ji Injiniya.

Yaya bai ko kalle shi ba. Ni ya kalla. "Kafin ya goge, ya gaya miki komai zai tafi? Ya tambaye ki?"

Maman Tagwaye ta zuba mini jajayen idanu. Mama ta tsayar da keke. Shekara guda ana cewa Auta mai ƙwaƙwalwa, Auta da ta gaji Baba, Mama tana nuna ni ga ƙawayenta. Na ji kamar in na ce eh, duk wannan zai zube a gaban matar nan, kuma kafin la'asar teloli ɗari da tamanin sun ji. Na kalli ƙafafuna. Na ji bakina yana cewa:

"Ni dai... ban san zai goge komai da komai ba."

Na ga hannun Injiniya ya tafi aljihun gaba, inda wayarsa take. Saƙonnin suna ciki, da ranarsu da mintinsu. Yatsunsa suka taɓa bakin aljihun. Ya kalle ni, ni kuma na ƙi ɗagowa. Sai ya sauke hannun.

"Gaggawa na yi, Yaya. A yi haƙuri."

"Gaggawa," in ji Yaya, yana ninke jaridarsa gida huɗu. "Kwamfutar mahaifinmu, da abincin bayin Allah a ciki, aka ba ka kwana biyu ka yi gaggawa. Shi ne zan ɗauki mutum sukutum in ba ka? Malam, ka gaya wa kawunka kar ya wahalar da kansa ranar Asabar."

Maman Tagwaye ta ɗora nata, har da cewa masu gyaran yanzu duk 'yan koyo ne. Ya tsaya ya saurara har ta gama. Ya ba ta haƙuri, ya durƙusa ya yi wa Mama sallama, ya ɗauki bargon da ya naɗo Kaka ya fita. Lemon da na haɗa masa yana nan a ƙasa, ƙanƙarar ta narke.

Kun san abin da na yi bayan ya tafi? Na shiga ɗaki na buɗe hirarmu na goge saƙonnin nan shida. Kamar in na daina ganinsu za su daina kasancewa.

Litinin da Talata na yi su a shagunan mutane, da littafi da biro, ina kwafar awo ina ba da haƙuri. Mama ta rufe kekenta ta ɗauki tef ta bi Maman Tagwaye gida gida suna sake auna mutane, da ciwon gwiwarta. Duk inda na shiga sai an ce, "Allah sarki Auta, mai gyara ya cuce ki." Ina cewa, "Ƙaddara ce." A gida kuwa Kaka tana haɗa aiki cikin minti goma sha ɗaya, shiru, ko ƙarar fanka babu. Ban taɓa tsanar saurin wani abu kamar haka ba.

Bai kira ba, bai turo saƙo ba. Na rubuta "ka yi haƙuri" ya fi sau ashirin ina gogewa.

Ranar Laraba da rana na sa doguwar riga baƙa na tafi kasuwar waya. Yana nan ƙarƙashin matakala, ya sunkuya a kan wata waya da aka farke, fitilarsa a kunne, hayaƙin dalma yana tashi siriri. Ya gan ni, ya jawo mini kujerar roba da ƙafa, bai ajiye aikin ba.

"Sannu da zuwa. Wayar ce ta sake lalacewa?"

Bai ce Malama ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa idona ya cika.

"Me ya sa ba ka nuna musu ba?"

"Nuna me?"

"Ka sani."

Ya ɗaga wani ɗan ƙaramin ƙarfe da hantsaki ya ajiye a murfin kwalba. "Da na nuna, da na fita fes, ke kuma kin zama maƙaryaciya a gaban mahaifiyarki da baƙuwa. Ni ba don in kayar da ke nake zuwa gidanku ba."

"To ka yi haƙuri. Don Allah. Tsoro ne ya kama ni."

"Na sani. Na gan shi a fuskarki." Sai a lokacin ya kashe fitilar ya dube ni. "Amma nan ba wurin wannan maganar ba ne. Ba a nan kika ce ba ki sani ba."

Wani mutum ya zo da waya a hannu yana cewa ta faɗa ruwa. Injiniya ya juya gare shi. Na zauna minti biyu ina kallon ƙeyarsa, na tashi na tafi.

Yau Alhamis. Da safe muna kan tebur, Yaya yana shafa bota a burodi da rigar ofis a jikinsa, Anti tana zuba shayi, Mama tana murza gwiwa da man zafi. Na tsaya a bakin ƙofar kicin na riƙe labule.

"Yaya, ƙarya na yi ranar Lahadi."

Wuƙar ta tsaya a kan burodin.

"Ya tambaye ni. Sau uku. Har ya ce zai kwafe faifan gaba ɗaya, na hana shi, na yi masa rashin kunya. Ni na ce ya goge."

Mama ta ce, "Innalillahi." Anti ta ajiye butar shayi.

Yaya ya yi wani ɗan murmushi. "Jiya an ce an gan ki a kasuwar waya. Shi ya tsara miki wannan?"

"Wallahi a'a."

"To nuna mini saƙon."

"Na... na goge su."

"Kin goge." Ya girgiza kai. "Auta, so bai kai a yi wa kai ƙazafi ba. Ci abincinki."

Kun ga abin da na jawo wa kaina? Ranar da na yi ƙarya nan take aka yarda, yau da na zo da gaskiya babu mai saye. Na fashe da kuka ina rantsuwa. Anti ce ta ce, "Abu mai sauƙi, ka kira shi mana. Ai nasa suna nan."

Yaya ya karɓi lambar a wayata, ya kira da tasa, ya buɗe murya ya ajiye tsakanin kofuna. Ta yi ƙara huɗu.

"Salamu alaikum. Ina kwana, Yaya."

"Lafiya. Auta ta ce ka tambaye ta kafin ka goge, kuma akwai saƙo. Karanto mini."

Ina jin ƙarar kasuwa ta bayansa, wani yana jan ƙofar shago.

"Ita ta faɗa da bakinta?"

"Ga ta nan tana kuka."

"To Yaya, a yi mini afuwa, ba zan karanta ba. In ta faɗa, haka ne. Ƙanwarka ce, bai kamata sai da shaidata za ka yarda da ita ba."

Yaya ya daɗe yana kallon wayar. Mutumin da ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba tun da na yi wayo ya gyara murya ya ce, "Injiniya, na yi maka ba daidai ba, a gaban mutane. Ka yafe ni. Maganar Asabar tana nan. Ku zo da kawu."

Karo na farko ke nan da ya kira shi da sunan. Anti ta matse hannuna ta ƙarƙashin tebur.

"Na gode, Yaya. Wallahi ban riƙe ka ba, ko ni ne abin da zan yi ke nan." Ya ja numfashi. "Ita ma na yafe mata tun a ranar. Amma ba zan ɓoye maka ba, na riga na gaya wa kawu an fasa, kuma ban shirya komawa in ce masa an dawo ba. Kwana huɗun nan ina ta tunani. Aure akwai ranar da abu zai lalace wanda ya fi kwamfuta, mutane su taru suna tambaya. Ina so in san a ranar ina za ta kalla. A ba ni lokaci."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba, Yaya. A gaida Mama."

Wayar ta yi ɗif.

Babu wanda ya taɓa shayinsa. Yaya ya miƙe ya ɗauki makullin mota, ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Wata uku ina neman aibin yaron nan," ya ce. "Ashe a gidana aibin yake."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan fitarsa Mama ta tashi da ƙyar ta shiga ɗakinta. Ta fito rungume da wani abu a leda, ta zazzage shi a kan doguwar kujera. Sababbin labulen falo ne, ruwan toka masu zaren azurfa a baki. Ashe a ɓoye ta ɗinka su saboda baƙin Asabar, ba ta gaya wa kowa ba. Ta shafa su da tafin hannu, ta dubi Anti, ta dube ni.

"To yanzu in rataya, ko in mayar?"

Anti ta sunkuyar da kai.

Yanzu azahar ta wuce. Na tura masa saƙo ɗaya, ban roƙe shi komai ba, na ce kawai, "Na faɗi gaskiya a inda na ce ban sani ba." Alama ta nuna ya karanta tun ƙarfe goma sha ɗaya. Jibi Asabar. Labulen suna nan kan kujera, ba a rataya ba, ba a mayar ba, kowa ya zo wucewa sai ya kauce musu.